Bayan Bikin Yaye: Yadda Ƙungiyoyin Kano, Legas da Anaca Suka Sha Bamban wajen Tunkarar Rashin Aikin Matasa

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa rashin aikin yi a Najeriya ya tsaya a kashi 4.1 cikin ɗari a watanni ukun farko na shekarar. Adadin da jama'a suka sani kafin nan shi ne kashi 33.3 na ƙarshen 2020, wanda na matasa 'yan shekara 15 zuwa 34 ma ya kai kashi 42.5. Duk wanda ya ratsa Kurna ko Ɗorayi ko Rijiyar Lemo a Kano da hantsi, ya ga samari jere a kan benci a majalisa, dole ya tambaya ina aka samo waɗannan ayyuka cikin shekaru biyu kacal. Ba a gama wannan muhawara ba sai ga wani labarin: a watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumarta ta USAID, Birtaniya ita ma ta sanar da rage nata kason. Ƙungiyoyi da dama da ke koyar da sana'a da kuɗin waje suka shiga lissafin ko za su kai baɗi.

Waɗannan labarai biyu sun sa ana ta kwatanta yankunan ƙasar nan da juna, wani lokaci da zafi, ana cewa ƙungiyoyin Kudu sun fi na Arewa sanin makamar aiki, ko kuma na Arewa sun fi kusanci da talaka. Idan aka duba a tsanake, bambancin ya fi alaƙa da abubuwa guda biyu: daga ina kuɗin ƙungiya yake fitowa, kuma wa yake tsaya wa matashi bayan an gama koya masa sana'a.

Ma'anar kalmomin da ake taƙaddama a kansu

Faɗuwar adadi daga kashi 33.3 zuwa 4.1 ta samo asali ne daga canjin ma'auni. A tsohon tsari, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana ƙirga shi cikin marasa aiki, wanda ya yi tsakanin awa 20 da 39 kuma ana cewa aikinsa bai ishe shi ba. Sabon tsarin, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, yana ɗaukar duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako domin samun kuɗi a matsayin mai aiki. Saboda haka saurayin da ya karɓi aron Adaidaita Sahu ranar Juma'a ya yi sawu biyu, da ɗan kayi-nayi da ya raka baƙo shago ɗaya a Kantin Kwari ya karɓi la'ada, duk masu aiki ne a takarda. Masu goyon bayan sabon ma'aunin suna cewa yana ba da damar kwatanta Najeriya da sauran ƙasashe, kuma a ƙasar da babu alawus na marasa aiki talaka ba ya iya zama haka nan, dole ya yi buga-buga. Masu suka suna cewa ya lulluɓe ainihin ciwon. Rahoton hukumar da kansa ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aikin suna cikin ayyukan da babu rajista, babu takardar ɗauka, babu fansho. Matsalar da ƙungiyoyi suke fama da ita ke nan a zahiri: matashi yana motsi daga safe har dare, amma abin da yake samu bai kai ya kama haya ko ya yi aure ba.

Kalmar ƙungiyoyin farar hula ita ma tana bukatar bayani. Da yawa idan sun ji ta sai su tuno ofis mai allo a Nassarawa GRA da farar mota mai tambari. Waɗannan suna ciki, kuma yawancinsu suna da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda sashenta na 839 ya jawo ce-ce-ku-ce saboda ya bai wa hukumar ikon dakatar da amintattun ƙungiya. Amma ma'anar ta fi haka faɗi. Ta haɗa da ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanni, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a, da kwamitocin masallatai da majami'u, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, har da adashin mata. Wanda ya ƙirga masu ofis kawai zai ga Legas ta yi wa kowa fintinkau. Wanda ya ƙirga duka zai ga hoto daban.

Legas: horo da kuɗin attajirai, da idon kamfanoni

A Legas, ƙungiyoyin da suka yi suna a wannan fage yawanci 'yan kasuwa da ma'aikatan banki ne suka kafa su. Fola Adeola, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bankin GTBank, ya assasa gidauniyar FATE a 2000 domin horar da masu ƙananan kasuwanci. Ndidi Nwuneli ta kafa LEAP Africa a 2002. Gidauniyar Tony Elumelu ta fara shirinta a 2015 da alƙawarin dala miliyan 100 ga matasa 10,000 a faɗin Afirka cikin shekaru goma, kowanne da jarin dala 5,000 wanda ba bashi ba ne. A unguwar Yaba kuma cibiyar CcHUB ta zama matattarar matasa masu rubuta manhajojin kwamfuta.

Abin da ya haɗa waɗannan shi ne sun ɗauki matashi a matsayin mai kasuwancin da zai girma, ko ma'aikacin da wani kamfani yake jira. Suna iya yin haka ne saboda hedikwatocin bankuna da kamfanonin sadarwa da tashar jiragen ruwa duk suna garin, wanda ya koyar da kai yau shi ne zai iya ɗaukar ka aiki gobe ko ya haɗa ka da mai saye. Tsarin yana da tsafta wajen lissafi da bibiya. Iyakarsa ita ce ƙofar shiga: ana cike takarda ta intanet, ana rubuta tsarin kasuwanci, ana gasa da dubban mutane. Wanda ya riga ya yi karatu mai zurfi shi yake tsallakewa, ko a Legas ɗin ma. Sauran matasan Yarbawa sun fi dogara da ƙungiyoyin masu sana'a, irin na makanikai da teloli, waɗanda suke da bikin yaye mai tsari, da kuma adashinsu da suke kira esusu ko ajo.

Ƙasar Ibo: wa'adi da sallama

A Anaca da Nnewi da Aba, babbar hanyar shigar da matasa harkar neman kuɗi ba ta bi ta ofishin ƙungiya. Tsari ne da suke kira igba boi, inda iyaye suke damƙa yaro ga ɗan kasuwa, yawanci ɗan garinsu, a yanka wa'adi tun farko, galibi shekaru biyar zuwa bakwai. Yaron zai zauna a gidan ubangidan, ya ci a nan, ya buɗe shago ya rufe, ya san inda ake saro kaya da yadda ake shawo kan mai saye. Idan wa'adi ya cika, ubangida zai sallame shi da jari, sau da yawa ya kama masa shago, ya riƙa ba shi kaya bashi har ya tsaya da ƙafarsa. Tsarin ya ƙara ƙarfi bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da aka bai wa da yawa daga masu ajiya a banki a ɓangaren Biyafara fam 20 kacal komai yawan ajiyarsu, aka koma tashi daga tushe ta hanyar jan hannun juna.

Inda ƙungiyoyi suke shigowa shi ne wajen tabbatar da alƙawari. Ƙungiyar 'yan gari ɗaya da ƙungiyar layin kasuwa su ne shaidu, kuma su ake kai wa ƙara idan ubangida ya ƙi sallama, ko ya ƙaƙaba wa yaro sata ana saura 'yan watanni wa'adi ya cika, abin da su kansu Ibo suke ƙorafi a kansa. Ɗan kasuwar da aka sani da cin amanar yara mutuncinsa yana zubewa a ƙauyensu, inda yake komawa duk ƙarshen shekara. Mutumin Kano ba ya bukatar zuwa Anaca kafin ya ga wannan, domin yana gudana a shagunan kayan gyaran mota da na kayan wuta a Sabon Gari. Masu sukar tsarin suna nuna cewa yana cire yara maza daga makaranta da wuri, kuma 'yan mata ba su cika samun gurbi a cikinsa ba.

Neja Delta da Arewa maso Gabas: inda rikici ya tsara aikin

Waɗannan yankuna biyu sun yi nisa da juna, amma a dukkansu tsoron tashin hankali ne ya kawo kuɗin. A Neja Delta, tun bayan afuwar da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsageru a 2009, wadda ta zo da alawus na naira 65,000 a wata, maganar aikin matasa ta zama maganar tsaron bututun mai. Ƙungiyoyin matasa na garuruwa sun fi karkata ga neman kaso daga kamfanoni: gurbin aiki, kwangilar gadi, kuɗin karatu. Gidauniyar PIND, wadda aka kafa a 2010 da kuɗin kamfanin Chevron, ta yi ƙoƙarin juya akalar zuwa kiwon kifi da noman rogo da manja. Dokar man fetur ta 2021 kuma ta wajabta wa kamfanoni zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsu na shekara a asusun al'ummomin da suke haƙar mai a cikinsu.

A Borno da Yobe da Adamawa, rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya jawo ƙungiyoyin agaji na duniya, su kuma suka riƙa ba ƙananan ƙungiyoyin gida aiki. Koyar da ɗinkin hula da gyaran famfo da raba awaki ga 'yan gudun hijira duk sun zo ne a matsayin reshen agajin gaggawa. Ita kanta harkar agajin ta zama babbar mai ɗaukar matasan Maiduguri masu digiri aiki, shi ya sa janyewar kuɗin Amurka ta fi yi wa wannan yanki illa, domin ta taɓa mai koyo da mai koyarwa lokaci guda.

Kano: yadda aka zo nan

Kano garin ciniki ne tun kafin zuwan Turawa, kuma daga baya ta zama cibiyar masana'antu ta biyu ko ta uku a ƙasar. Bompai da Sharaɗa da Challawa sun taɓa cika da masaƙu da kamfanonin jima da na robobi da na alewa, inda saurayi mai takardar firamare yake samun albashin da zai riƙe gida. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sai matsalar wutar lantarki da kwararowar yadi mai araha daga waje suka riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda masana'antu suka saki, da masu shigowa ci-rani daga ƙauyuka da Jamhuriyar Nijar, sai kasuwa da titi suka haɗiye su. Acaɓa ya ɗauki dubbai har zuwa watan Janairun 2013 da aka haramta shi bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, nauyin ya koma kan Adaidaita Sahu. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya matse wannan mafakar ita ma, domin direba sai ya fitar da kuɗin mai da kuɗin da zai kai wa mai mashin kafin ya fara neman na cefane.

Akwai kuma abin da ya raba Kano da Legas da Anaca tun daga tushe, wato yawan matasan da karatunsu na allo ne ko na Islamiyya, ko waɗanda suka tsaya a sakandare. Sun iya karatu da lissafi, wasu sun haddace Alƙur'ani, amma ba su da takardar da shirye-shiryen gwamnati suke tambaya. Ɓangaren da ya fi shahara a shirin N-Power na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2016 da alawus na naira 30,000, an ware shi ne ga masu digiri da NCE. Shirin 3MT na koyar da fasahar zamani da aka fara a ƙarshen 2023 yana bukatar waya ko kwamfuta da data.

Ƙungiyoyin Kano da hanyoyinsu

Masu ofis da rajista a Kano sun daɗe suna aiki. Cibiyar CITAD ta yi shekaru tana koya wa matasa maza da mata kwamfuta da neman kuɗi ta intanet. Ƙungiyar WOFAN tana aiki da mata da matasa manoma, musamman a harkar shinkafa. Gidauniyar Isa Wali ta mayar da hankali kan mata da 'yan mata. Shirin MAFITA, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a Kano da wasu jihohin maƙwabta, ya yi abin da ba kasafai ake yi ba: ya nufi almajirai da 'yan matan da ba sa makaranta, ya riƙa kai su wurin masu sana'a na cikin gari su koya a bakin aiki. Ƙarfin wannan rukuni shi ne tsari da rubutu. Rauninsa shi ne aikin yana da ranar ƙarewa, kuma rahoton da ake rubutawa yana tafiya ne ga wanda ya ba da kuɗin, wanda sau da yawa abin da yake ƙirgawa shi ne mutum nawa aka horar.

A nan ne aka samu hoton da kowa ya sani. Ana taruwa a ɗakin taro, an jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe da na'urar aski, an ɗaura musu kyalle, ana kiran suna ana ɗaukar hoto. Yarinyar da ta koyi ɗinki na wata uku ta kai kekenta gida, sai ta tarar a layinsu akwai teloli huɗu da suka shekara goma suna yi, ba ta da kuɗin zare da yadi, ba wanda zai ba ta atamfar sallarsa ta gwada a kai. Idan rashin lafiya ya faɗo gidan, keken ne abu na farko da dillaliya za ta ɗauka. Wannan ba laifin yarinyar ba ne, kuma ba lalle ne ya zama rashin gaskiyar ƙungiyar ba. Tsarin ne ya tsaya a ranar yaye. 'Yan siyasa sun ari wannan salo na rabon kayan sana'a, har mutane da yawa ba sa iya bambanta na ƙungiya da na ɗan majalisa.

Rukuni na biyu shi ne ƙungiyoyin taimakon kai da kai, waɗanda kusan kowace unguwa a Dala da Gwale da Fagge da cikin Birni tana da su. Asalinsu aikin gayya ne: yashe kwata, gyaran maƙabarta, sintiri da dare. Da faɗan daba da shaye-shaye da ƙwacen waya suka yi ƙamari, da yawansu suka shiga nema wa samari abin yi, saboda sun ga inda zaman kashe wando yake kaiwa. Hanyarsu mai sauƙi ce. Dattijon unguwa zai kama hannun yaro ya kai shi garejin wani makanike a Ƙofar Ruwa ko teburin mai gyaran waya a Farm Centre, ya ce wannan ɗana ne, na tsaya masa. Wannan tsayawar ita ce jarin da babu ƙungiyar waje da za ta iya bayarwa, domin mai gareji ba zai damƙa wa baƙon yaro makullin motar mutane ba. Abin da suka rasa shi ne kuɗi, domin karo-karon 'yan ɗaruruwa ba ya sayen kayan aiki, kuma da yawansu sukan faɗa hannun 'yan takara idan zaɓe ya matso.

Sai kasuwa, wadda ita ce ta fi kowa ɗaukar matasa. Tsarin ubangida da yaron shago tsoho ne a Kano. Da shi fatake suka yi cinikin goro zuwa Gwanja, da shi attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza wakilai a zamanin gyaɗa. A Kwari da Singa da Dawanau da Ƙofar Wambai har yau yaro yana shiga shago yana share-share da aike, ya kai ga riƙe lissafi, maigida ya yi masa aure, wani ma ya kai shi Makka. Bambancinsa da na Ibo ƙarami ne a ido amma babba ne a sakamako: a Kano ba a cika yanka wa'adi ba, kuma sallama alheri ce ta maigida, ba haƙƙi ba ne da aka yi shaida a kansa. Akwai iyayen gida da suka yaye mutane da dama suka zama attajirai. Akwai kuma mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar da har yanzu ake ce masa yaron Alhaji, kunya ta hana shi tambayar ranar da zai tsaya da kansa.

Ɓangaren addini shi ma yana da tasa taskar. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, kuma ƙungiyoyin addini da kwamitocin masallatai suna raba zakka da tallafin marayu. Malaman fiƙihu da dama sun yi bayanin cewa ya halatta a bai wa mai sana'a daga zakka abin da zai sayi kayan aikinsa ya wadatu. Sai dai a aikace yawancin attajirai suna raba tasu da kansu a ƙofar gida, a gutsuttsura ta ga mutane masu yawa, ta ƙare a cefanen kwana biyu. Batun kuɗin ruwa kuma yana hana matasa da yawa karɓar rancen da ƙungiyoyin Kudu suke ɗauka abu ne na yau da kullum, duk da cewa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun rage wannan shinge.

Mata a Kano sun fi yin sana'arsu a cikin gida: turaren wuta da humra, ɗinkin hula, ƙuli-ƙuli, lalle, girkin sayarwa. A da yara ne suke kai talla, yanzu da yawa suna tallata hajarsu ta WhatsApp da Instagram, mai babur ya kai wa mai saye. Ƙungiyar da ta shirya horon da sai mace ta yini a wani wuri mai nisa takan rasa mahalarta, wadda ta bi ta makarantun Islamiyya na matan aure da adashinsu kuwa takan samu karɓuwa.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu ganin a kwaikwayi Legas suna cewa kasuwar Kano ta cika, ba za a ci gaba da ƙara masu sayar da abu ɗaya a layi ɗaya ba, kuma aikin da ake yi ta intanet ba ya tambayar garin da mutum yake. Masu ja da su suna cewa wannan hanya ta 'yan ƙalilan ce, kuma suna tuna abin da ya faru ranar 1 ga Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, inda wasu matasa suka wawashe cibiyar fasahar zamani ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa a Kano ana gab da buɗe ta. A fahimtarsu, waɗanda suka kwashi kujeru da kwamfutocin ba su taɓa jin cewa da su aka gina wurin ba. Ɓangaren farko kuma yana kallon wannan rana a matsayin hujjar cewa tarbiyya da ilimi ne suka yi ƙaranci.

Kan tsarin ubangida ma akwai saɓani. Wasu suna kira da ƙungiyoyin kasuwa su shigo da rubutacciyar yarjejeniya mai wa'adi da shaidu, suna kafa hujja da umarnin Alƙur'ani na rubuta bashi a cikin Suratul Baƙara. Wasu 'yan kasuwa suna ganin takarda za ta mayar da alaƙar uba da ɗa ta zama ta ma'aikaci da mai kamfani, har maigida ya daina ɗaukar nauyin aure da asibiti, ko ya daina ɗaukar yara gaba ɗaya, musamman yanzu da jari yake narkewa saboda faɗuwar darajar naira. Dukkan ɓangarorin suna da abin dubawa, domin ɗan kasuwar da kuɗin dila goma ya koma sayen dila huɗu ba shi da abin da zai yanka ya sallami wani.

Akwai kuma masu cewa duk wannan kewaye ne, aikin ƙungiyoyi shi ne su matsa wa gwamnati ta gyara wuta, domin masana'anta ɗaya da ta farfaɗo a Sharaɗa za ta ɗauki mutanen da cibiyoyin koyon sana'a da yawa ba za su iya samar wa aiki ba. A wannan fage na bin diddigin kasafi da matsin lamba, ƙungiyoyin Legas da Abuja sun fi gogewa, irin su BudgIT da aka kafa a 2011, duk da cewa na Kano suna amfani da gidajen rediyo ta hanyar da ta fi isa ga talaka.

Abin da talaka zai gani a ƙasa

Raguwar kuɗin waje za ta fara bayyana ne a ƙananan abubuwa. Horon da a da ake bayar da kuɗin mota da abincin rana zai ragu ko ya koma na biya, kuma matasa masu digiri da suke aikin tattara bayanai ko koyarwa a ƙungiyoyi za su dawo layin masu nema. Wannan zai fi tsanani a Maiduguri fiye da Kano, a Kano kuma zai fi taɓa shirye-shiryen mata da na almajirai, saboda su ne aka fi gudanarwa da kuɗin waje. Legas da Anaca ba za su ji sosai ba, tunda sun fi dogara da kuɗin cikin gida.

Sabon ma'aunin ƙididdiga shi ma yana da tasiri. Idan takarda ta ce marasa aiki ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba, ƙungiyar da take neman tallafi da sunan rashin aikin yi sai ta sake harshe, ta koma maganar ƙarancin samu da ingancin aiki. Wannan zai iya amfanar ɗan Adaidaita Sahu da mai POS da ɗan dako, waɗanda a da ba a ɗauke su masu bukata ba saboda ana ganin suna fita kullum.

Ga uban da aka kawo wa takardar shigar da ɗansa wani shirin koyon sana'a, tambayoyin da za su nuna masa ingancin shirin ba su da yawa: a wurin wa yaron zai zauna bayan an gama, wa zai ba shi kayan aiki ko kaya bashi, kuma ina waɗanda aka yaye bara suke yanzu. Haka wanda zai kai ɗansa shago yana da damar ya tafi da mai unguwa ko limami, a yi maganar wa'adi a gabansu ko da baki ne, tun kafin yaron ya fara share ƙofar shagon. Matsin jarin da 'yan kasuwa suke ciki yana nufin sallamar da za a samu a 'yan shekarun nan za ta fi zuwa a matsayin kaya bashi da tebur a gefen shagon maigida, maimakon shago mai zaman kansa, kuma waɗanda iyayensu ba su san kowa a kasuwa ba, musamman almajiran da suka girma a gari ba tare da dangi ba, su ne za su fi dogara da ƙungiyar unguwa ko malaminsu ya tsaya musu.